Sawun Haladu a Kan Toka

Zarami magini da Haladu masunci sun fara haɗuwa a daminar 1930, shekarar da layin dogo ya ratsa Birniwa ya nufi Nguru. Zarami na cikin maginan da aka tara don gina ɗakunan ma'aikatan tasha, amma bai ga ƙarshen aikin ba. An ce ya ja ɗakuna a jere, kowane irin ɗan'uwansa, shi kuwa ya karkatar da ƙofofin duka don su ba ranar yamma baya. Heluma, shugaban ma'aikatan, ya gani, ya sallame shi nan take. Ya naɗe igiyarsa ta awo, ya biyo ƙauyukan fadama yana neman aiki, har ruwa ya yanke masa hanya a mashigin Tudun Kawara, gabas da Haɗeja.

A wancan zamani ba kowane mashigi ke da kwalekwale ba. Babban gora ake ba ka ka rungume, mai fito yana iyo yana tura ka. Haladu ne ya tura shi ran nan. Zarami bai iya ruwa ba, amma duk da haka a tsakiyar kogi ya fara tambaya: me ya sa gora ba ya kifewa, kuma in an gina ɗaki mai irin wannan ciki, ruwa zai ture shi ko zai kewaye shi?

"Baƙo," in ji Haladu, "in ba ka rufe bakin nan ba, kogi ne zai ba ka amsa."

Da suka fita gaɓa Haladu ya ga mutumin ba shi da masauki, ya kai shi zaurensa. Kwana biyu aka ce, sai ga shi an shekara.

Zarami dogo ne siriri, kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka taso, Hausarsa da ɗan ɗanɗanon Barbarci a ciki. Bai iya zama ba. In ana hira a zaure zai miƙe ya dafa bango, ya leƙa rufi, ya dawo ya tsuguna yana zane a ƙasa da yatsa, ya share da tafin hannu, ya sake. Ko tuwo a tsaye yake gama shi. Abin da ke cin ransa ɗaya ne. Ya ce magina suna gina gida yadda suka gada, sa'an nan mutane su shiga su yi ta lanƙwasa kansu su dace da shi, mace ta kwana tana kewaya rumbu don ta kai ga randa, tsoho ya yi ta karo da turken akuya a hanyar alwala. Shi so yake a fara ganin yadda mutane ke tafiya a gidansu, sa'an nan a sa bango inda ba zai tare kowa ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Namiji baligi ba ya shiga cikin gidan wani ya zauna yana kallon matarsa tana kai da kawowa. Zarami ya yi ta juya abin har dabara ta zo masa. Ya roƙi Haladu a barbaɗa toka a tsakar gida da sassafe, a bar mutanen gida su yi harkarsu, in la'asar ta yi Saude matar Haladu ta shige ɗaki, shi kuma ya shigo ya karanta sawu. Saude ta aiko daga bayan zana cewa a gaya wa baƙon maigida toka ba marainiya ba ce, da ita take kaɗa miya, in ya ƙarar mata sai ya sha kuka da tsami. Aka yi dariya, aka barbaɗa.

Gidan da ya karanta gidan mahaifin Haladu ne, a cikinsa aka haifi Haladun. Ɗakuna uku ne kewayayyu masu jinka, da rumbu, da bandar kifi, da kanya a gefen gabas inda ake zama ana ɗinkin komar kamun kifi. Duk ranin nan Zarami yana tsugune kan tokar Saude. Ya san inda ƙafar Haladu ke sauka in ya fito daga ɗaki, da inda yake juyawa ya nufi randa, da yadda yake gocewa hagu kafin ya kai gindin kanya. Ya haddace gidan kamar yadda ake haddace sura.

Akwai wani ziri da ya ratsa gidan daga bayan rumbu ya fita ta yamma, ɗan kwari kaɗan, wanda ba sawu a kansa sai na kaji. Kowa tsallake shi yake. Zarami ya tambaya. Haladu ya ce mahaifinsa ya hana a ajiye ko turmi a wurin, bai faɗi dalili ba, shi kuma bai tambaya ba. Tsofaffi dai suna cewa hanyar mutanen ɓoye ce. Zarami ya yi murmushi. A ganinsa ya sami fili na banza a tsakiyar gida, inda bango zai tsaya bai tare ƙafar kowa ba.

A lokacin kuma ya gano wani abu game da igiyarsa da ya hana shi sukuni. In ya kafa turke ya ɗaura igiya ya zagaya ya ja da'ira, sa'an nan ya ɗauki tsawon igiyar ya riƙa aza shi a bakin da'irar, sau shida yake zagayowa ya dawo inda ya tashi, ba ragi ba ƙari. In aka haɗa wuraren nan shida, ga ɗaki mai kusurwa shida, irin na ƙudan zuma. Irin waɗannan ɗakuna suna manne wa juna ba rata, bango ɗaya ya yi wa biyu aiki, ba lungun da maciji zai laɓe. Ya zana wa Haladu a ƙasa har sau ba adadi. Haladu mutum ne mai son abin dariya, kuma ya riga ya ɗauki Zarami ɗan'uwa. Ya ce, "Rushe, magini. In ya yi kyau nawa ne, in ya ɓaci naka ne."

Aka rushe gidan gado. A ranin 1932 Zarami ya tayar da ɗakuna biyar masu kusurwa shida, manne da juna, da rufin soro na azarar giginya, ya shafe su da makuba har suna ƙyalli. Babban bangon da sauran suka jingina da shi ya zauna daidai kan zirin nan. Daga ɗaki zuwa murhu, daga murhu zuwa randa, ba kewaye. Saude da kanta ta ce ƙafarta ta huta. Ranar kasuwar Haɗeja mutane kan ratse su zo kallo, suka sa masa suna gidan zuma.

Abin da Zarami bai lissafa ba shi ne, tokar rani ya karanta. Shekaru da dama kogi bai yi cikar kirki ba, har an manta abin da mahaifin Haladu ya sani. A watan Agusta na shekarar ruwa ya sauko daga yamma da ƙarfi, ya cika kogi, ya koma da baya ya cika fadamar da ke bayan gari. Wata rana da la'asar ya biyo tsohuwar hanyarsa ta bayan rumbu, ya tarar an tare ta da bango. Ya tsaya yana lasar gindin bangon. Kafin magariba bangon ya durƙusa, kuma da yake ɗakunan riƙe suke da juna, ɗaya ya jawo ɗaya har biyar ɗin suka kwanta. Allah ya kiyaye rai, Saude ta fito riƙe da hannun ɗansu Gwadabe, yaro ɗan shekara goma. Amma gero ya tafi, komaye sun tafi, ƙoren jeren Saude da ta zo da su daga gidan iyayenta ba wanda ya fita.

Bulama Umara, mai garin, ya tara mutane a zaurensa, wakilin Sarkin magina ya zo daga birni. Hukuncin a bayyane yake: maginin da ya bar hanyar magabata har ya kusa hallaka iyali, a hana shi taɓa ƙasar gini a duk ƙasar Haɗeja. Zarami na tsugune, karo na farko da aka gan shi bai motsa ba. Sai Haladu ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni na zana gidan nan. Na ga saƙar zuma a kogon gawo ta ba ni sha'awa, na matsa masa. Ya ce mini ba zai tsaya ba, na ce ƙasata ce. Hannu kawai ya sa."

Bulama ya dube shi ya daɗe, don ya san ba haka aka yi ba. Amma mai gida ya ɗauki laifin gidansa, wa zai ƙwace masa? Aka tashi. Haladu ya ƙare daminar a bukkar zana da iyalinsa, ya sami sunan da ya bi shi har tsufa, Haladu mai gidan zuma. Ko a wurin kamun kifi, in komarsa ta fito ba komai, sai a ce ai zuma yake nema. Zarami bai buɗe baki a zauren ba, bai kuma iya haɗa ido da Haladu bayan nan ba. Da ruwa ya janye ya naɗe igiyarsa ya bar garin ba sallama. Ya san dai abu ɗaya: Haladu na bin sa bashin gida.

Shekarun da suka biyo baya na yawo ne. Ya gina rumfunan awon gyaɗa a bakin tasha, ya gina sorayen fatake a Kafin Hausa, ya koma Birniwa, ya sake barinta. Duk masu kusurwa huɗu, yadda aka gada, ba wanda ya taɓa kuka da aikinsa, shi kuwa ba ginin da ya waiwaya ya sake kallo. In damina ta gabato yakan je bakin fadama ya tayar da 'yan ɗakuna iya gwiwa, wannan kewayayye, wannan mai hanci kamar kwalekwale, wannan a kan dakalin fasassun tukwane da tsakuwa, ya riƙa zuwa yana kallon wanda zai fara narkewa. Mutane suka ce aljanun gini ne suka kama shi. Ya yi aure, matar ta gaji da ɗaura kaya da kwancewa, aka rabu lafiya. In ya shiga kasuwar Haɗeja ba ya bi ta layin masu kifi. Sau biyu ya kai har mashigin Tudun Kawara, ya hango kanyar nan, ya juya. Me zai ce? Gidan da zai biya da shi bai zo masa ba tukuna.

A kakar 1946, ranar kasuwar Kafin Hausa, wani saurayi mai sayar da awaki ya durƙusa ya gaishe shi, ya kira shi Baba Zarami. Gwadabe ne. Zarami ya tambayi lafiyar mutanen gida. Gwadabe ya ce idon mahaifinsa ya rufe tun bara. Ya ƙi sanda, ya ƙi jagora, ya ce gidansa ne ya san shi, amma kullum cikin karo yake. Ya fasa goshi a jikin rumbu, makon jiya kuma ya taka bandar kifi da wuta a ciki. Tsohuwa ta gaji. Shi Gwadabe ya riga ya gyara ɗaki a nan Kafin Hausa, kafin ruwan farko zai je ya ɗauko shi, ko yana so ko ba ya so. Ya ce ya san raba shi da ƙarar kogi kamar raba shi da rai ne, amma ya fi a wayi gari ya faɗa wuta.

Zarami bai koma kan katangar da yake ginawa ba. Daga kasuwar ya kama hanya.

Ya tarar da Haladu a ƙofar zaure, ƙafa ɗaure da tsumma, koma a cinya, yatsu na aiki. Zarami ya kasa yin sallama. Ya yi gaba, ya dawo, ya dafa bangon zauren, ya sake yin gaba.

"Mutum ɗaya na sani da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya," in ji Haladu. "Magini, me ka zo rushewa?"

Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Zarami ya ce roƙo ya zo yi. Yana da wani gwaji da ya daɗe yana damunsa, ba wanda zai ba shi fili, don duk ƙasar nan mahaukaci ɗaya ne ya taɓa yarda da shi. Saude, wadda yanzu tsufa ya ba ta izinin fitowa ta yi magana ido da ido, ta ce ko kashin kaza ba za a taɓa mata ba. Haladu ya yi dariya har da tari. Ya ce ai kafin damina za a kwashe shi kamar buhun gero, gidan kuwa gara zai bar wa. Gara da magini duk ɗaya, a ba shi.

Zarami ya nemi toka. Saude ta zuba masa tana mita. Ɗakunan da ke gidan yanzu waɗanda Haladu ya kakkafa ne bayan rushewar, duk inda tarkace ya bar masa wuri, ba tsari. Da hantsi Zarami ya shiga ya tsuguna. Sawun Saude ya bi gidan yadda yake. Na Haladu kuwa ya fito daga ɗaki, ya miƙe, ya juya inda ba komai kamar mai neman randa, ya goce hagu, ya je ya tsaya cak a jikin rumbu. A wani wuri kuma ya ɗaga ƙafa ya tsallake fili fetal.

Zarami ya daɗe a tsugune. Ya san wannan rubutun, ya taɓa haddace shi. Da ido ya tafi, ƙafar Haladu ta koma gidan da ta koyi tafiya a cikinsa. Tsohon yana yawo ne a gidan mahaifinsa, gidan da Zarami ya rushe, kuma duk duniya ba wanda ya taɓa auna inda kowane abu yake a gidan nan sai shi da ya rushe shi.

Ya fara daga kanya, don ita kaɗai ce ba ta gusa ba. Daga gindinta ya ja igiya ya kafa turaku uku, ya zagaya kowane ya ja da'ira. Ɗaki ɗaya yake rushewa ya tayar da ɗaya, don kada su kwana a waje. Ya mai da rumbu mazauninsa na da, ya mai da randa, ya mai da banda. Zirin nan ya buɗe shi, ya ɗan zurfafa, ya bar shi ba ko tsinke. Wannan karon ya yi ta tambayar Saude, ina take girki in ruwa ya tsuge, ina awaki ke fakewa, ina ake shanya koma a watan marka, ta gaya masa tana haɗawa da gori, ya shanye. Abin da ya koya a bakin fadama ya sa shi inda ido ba zai lura ba: kowane ɗaki a kan dakali na tsakuwa da fasassun tukwane, kowane tsaye da ƙafarsa, jinka ta sauko ta rufe bango. Kewaye da banda ya daɓe ƙasa da katangar tukunya mai kaushi, yadda tafin ƙafa zai ji wuta na kusa tun kafin ya kai. Daga bayan kanya ya ja wata 'yar katanga iya ƙugu, mai santsin kai, ta lanƙwasa ta gangara har bakin ruwa.

Mutane suka ji mai gidan zuma ya sake ba da fili, suka zo kallo da dariyarsu a shirye. Suka tarar da ɗakuna uku masu jinka irin na kowa. Aka ce tsufa ya kama Zarami, aljanun sun sake shi, wasu suka ce ai dama bai iya komai ba. Yana ji, yana yaɓe.

Ran da aka gama, Haladu ya fito daga ɗaki da safe yana faɗa da Saude kan wata allurar koma da ta ɓata. Yana cikin faɗan ya miƙe, ya juya, ya sa hannu ya ɗauki moɗa a bakin randa ya sha, ya tsallake zirin, ya goce hagu, ya zauna a gindin kanya, bai ko lura ba. Saude ta rufe baki da gefen zane. Sai can Haladu ya shafa ƙasar da yake zaune a kai.

"Magini, wai ina gwajin? Ni ban ji an gina komai ba."

"Bai yi ba," in ji Zarami. "Na rasa dabara, na mayar maka da irin na kowa."

"Haka dai," in ji Haladu. Ya juya fuska wajen kogi, ya ci gaba da shafa ƙasar. "To, Allah ya sa ka fi sa'a a gaba."

Gwadabe ya zo da jaki biyu da hadarin farko. Ya tsaya a ƙofa ya ga mahaifinsa ya tashi daga kanya, ya ɗora hannu kan 'yar katangar, ya gangara bakin ruwa ya yi alwala, ya dawo ya kewaye banda ya juya kifi. Ya kwana biyu yana kallo. A rana ta uku ya ɗora wa jakin da ya zo da shi don mahaifinsa kwandon busasshiyar tarwaɗa, ya koma Kafin Hausa.

Zarami ba ya nan a lokacin. Tun washegarin gamawa ya naɗe igiyarsa ya ce ana jiransa a Birniwa, ko da yake ba wanda ya san wa ke jiran. A watan Agusta ruwa ya cika fadamar bayan gari, ya biyo ta bayan rumbu, ya ratsa tsakar gidan Haladu ta hanyarsa ya fita yamma. Tsohon yana tsallake shi safe da yamma, yana zagin magini da ya bar masa rafi a cikin gida.